Masara Mai Lalle

Bana ba mu yi Kirsimeti ba. Kaya muka kwashe.

Gidan da na zauna a Samaru tun ina iya ɗaukar buhu a ka, an ba ɗalibai haya. Ni kuma na koma Sabon Gari, gidan da mutanen cocinmu suka gina wa tsofaffi a Unguwar Gabas. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, akwati ɗaya. Ba a hura wuta a ɗaki, akwai masu dafa wa kowa. Mutane suna ta magana, wai 'ya'yana sun jefar da ni. Ba su jefar da ni ba. Sau biyu na faɗi a banɗaki, na biyun na yi rabin yini a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji ni. Bulus ya ce in bi shi Abuja, na ce a'a. Gidan sama ne, kuma ban san kowa ba. Ni na zaɓi Sabon Gari.

'Ya'ya biyu suka rage mini. Bulus ne ƙarami. Babbar kuwa 'yar fari ce, ba na kama sunanta, haka aka rene mu. Kowa a gidan Yaya yake ce mata, ni ma haka nake cewa in ina maganarta da wani. Malamar makaranta ce a Kaduna, ta kusa ajiye aiki. Hutun nan kaɗai suke da shi su biyun, shi ya sa ranar da mutane suke fige kaji mu muna tsakar gida da kwalaye.

Bulus ya ja layi uku a ƙasa da gawayi. Na tafiya, na kyauta, na bola.

"Mama, wannan fa?"

"Gwangwanin madara ne."

"Na gani ai. Shago kika buɗe ba mu sani ba?"

"Ana zuba abu a ciki."

"Me za ki zuba a can?"

Ya kai su layin bola.

Haka muka yi kwana biyu. Ledojin da na wanke na ninke, tsofaffin kalandu, zannuwan zumuntar mata da suka koɗe, fitilar da ƙwanta ya fashe tun kafin a kawo mana lantarki. Garmar ubansu aka ba wani mai lambu. Kekensa da ba taya, 'yan gwangwan suka ɗora a baro suka tafi da shi. Ban yi gardama ba. Kaya ne. Da Bulus ya ɗaga gadona ya ga jarkoki cike da dawa, da wake a cikin toka, dariya ya yi har ya zauna a ƙasa.

"Yaya, zo ki gani. Mama tana jiran yaƙi."

Yaya ta leƙo, ta koma kan kwanukan da take jerawa.

Rana ta uku ya shiga ɗakin ajiya ya fito yana mirgino turmi. Na ƙirya ne, uwata ta ba ni da zan yi aure. A kife yake a lungu tun ba a haifi Bulus ba.

"Wannan kam na samo masa gida," in ji shi. "Matar da ke kula da gidan tsofaffin ta ce nasu ya tsage. Na ce muna da ɗaya, lafiyayye. Kin ga zai bi ki ke nan. Sakwarar Lahadi a turminki za a daka."

"Mayar da shi."

"Na riga na yi mata alkawari."

"Ba za a daka abincin mutane a ciki ba."

"Saboda me?"

"Na ce ka mayar."

"Mama, ɗakinki ba zai ɗauke shi ba. 'Yan haya ba za su zauna da shi ba. Kin bar keken Baba ya tafi, sai gungumen itace za ki riƙe? Ki ba ni dalili ɗaya. In babu, jibi yana cikin mota."

Dalili akwai. Shekara arba'in da 'yan kai ban faɗe shi ba.

Wata shekara ce da ruwa ya yaudare mu. Lokacin Yaya tana da shekara tara, ƙanwarta Asabe uku da rabi. Biyun da ke tsakaninsu ba su tsaya ba. Mijina Yohanna lebura ne a gonar gwajin iri ta gwamnati, irin waɗanda ake ɗauka in da aiki, a sallame su in babu. Muna da 'yar gonarmu ta wajen rafi.

Ruwa ya zo da wuri, babba, yini guda. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka fito, yara suka yi ta tsalle tsirara a cikin kwata. Kowa ya ce shekarar albarka ce. Aka yi gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, maza suna saran rami, mu muna bi muna jefa iri muna takewa da diddige. Kwana biyar ƙasa ta yi kore. Sai sama ta rufe.

Ba wai hadari ba ya haɗuwa ba. Da ya fi sauƙi. Kullum da la'asar gabas takan yi baƙi, iska ta taso da sanyin ruwa a jikinta, mu fito da daro da tukwane mu jera a ƙarƙashin indararo. Mu tsaya. Ya yi tsawa biyu ya watse. Mu kwashe kayanmu a bushe mu mayar ɗaki. Ganyen dawa ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka sake samun yayyafi, muka zuba sauran irin da muke da shi. Shi ko tsirowa bai gama yi ba.

Zafin lokacin ban sake ganin irinsa ba. Kwanon ɗaki yana ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Ba a taka tsakar gida ba takalmi. Ƙadangaru a jikin bango baki buɗe. Rijiyar unguwa ta koma laka, a saki guga ya taho da rabin kofi, a jira ta tsatso, a sake saki. Matan unguwa suka yanka doka: bokiti ɗaya kowane gida, mai jego ɗaya da rabi. Mun yi addu'a a coci har muryar Fasto ta dushe. Musulmi suka fita roƙon ruwa bayan gari. Mukan haɗu a hanya, su suna dawowa mu muna tafiya, a gaisa kawai a wuce.

Abinci ya tafi bi da bi. Tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya. Sau ɗayan ya koma kunu. Kunun ya tsinke har ana ganin gindin ƙwarya. Akuya ta tafi, kaji suka bi ta. Dusar da muke ba akuyar muka koma tankaɗewa muna damawa. Zogalen unguwa duk an tsige su sun zama sanduna. Tafasa ma da take fitowa ko'ina ba a roƙe ta ba, a shekarar sai an yi tafiya kafin a cika hannu.

Mukan fita da asuba mu mata biyar ko shida, a ƙafa har Sabon Gari, kowa da tsintsiya da ƙwarya. Akwai inda ake sauke buhuna kusa da layin dogo. In 'yan dako sun gama, mu share abin da ya zube, hatsi da yashi da kashin ɓera, mu zo gida mu tsince. Wata rana rabin kwano, wata rana an riga mu. Akwai wata Inyamura a bayan kantin PZ da nake yi wa wanki. Takan auna mini garin kwaki kofi ɗaya, ta ɗaure da kanta a bakin zanena, ta ce da tata Hausar, "Ka kai wa yara. Kar ka ci a hanya." Ban taɓa ci a hanya ba. Daga baya ita ma ta tafi garinsu.

Yunwa da farko ciwo take yi. Bayan nan ta daina. Baki ya yi ɗaci, kunne ya riƙa ƙara, in ka miƙe da sauri gari ya yi duhu. Yara suka daina wasa, sannan suka daina kuka. Wannan shirun ya fi kukan muni. Gashin Asabe ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura. Na kama ta tana kankarar bango da farce tana sawa a baki.

A gonar gwaji akwai irin masara da ake shafa wa magani don kada ƙwari da tsuntsaye su ci. Ja ne, jan da ke kama hannu. Leburori suna ce mata mai lalle. Yohanna ya riƙa zuwa da ita a aljihu, yau tafi ɗaya gobe tafi ɗaya, har ta cika ƙwarya. Ba ba shi aka yi ba. Da an kama shi, kora ce, wataƙila har da 'yan sanda. Ya rufe ƙwaryar da faifai, ya ɗaure, ya rataye a jikin azara.

"Saratu, wannan ba abinci ba ne," ya ce. "Guba ce a jikinta. Ranar da ruwa ya dawo, ita ce shekararmu."

Na ce na ji.

Sai aka sallami leburori. Ya koma Sabon Gari yana dako, yana kwana a tasha, sai Asabar ya zo da abin da ya samu. Wata Asabar bai zo ba.

A bakin rijiya ake maganar. Ba mu kaɗai muke da mai lalle a rataye ba, kowa ya san da haka, ba mai faɗa. Wata Kande ta ce a garinsu an ci. Wankewa ake yi sau bakwai, ruwan farko ja, na bakwai fari tas, shi ke nan ta zama masara kamar kowace. Wata ta ce ƙarya ne, maganin yana shiga ciki. Kande ta ce, "To ke zauna da taki ki yi ta kallo." Aka yi dariya, irin wadda ba ta da ƙarfi. Ni na ɗauki bokitina na tafi. Amma na riƙe bakwai ɗin.

Ranar Alhamis ce. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikinmu sai ruwan ganye. Asabe ba ta tashi daga tabarma ba. Na taka turmi na sauko da ƙwaryar. Na ajiye ta gaban Yaya da bokitin ranar.

"Ke, wanke wannan sau bakwai. Ki ƙirga. Ruwan ki zubar bayan gida."

Na fita neman itace da ganye. Da na dawo ta shanya ta a tabarma, ta yi fari, sai ɗan ja-ja a hancin ƙwayar.

"Kin yi bakwai?"

"E."

Na zuba a turmi. Na naɗe tsumma na sa a ƙarƙashinsa, na riƙa sauke taɓarya a hankali. A lokacin duk wanda aka ji yana daka, kafin ya gama an turo masa kwano uku. Ban so a ji ba. Na surfa, na sheƙe, na ɓarza tsaki. Na yi fate da 'yar yaɗiyar da na samo, ba mai, ba daddawa, gishiri kaɗai.

Mun ci da tsakar rana, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Asabe ta tashi zaune da kanta. Ta cinye nata, ta lashe kwanon, ta kalli nawa. Na tura mata. Ta ci har da gumi a goshi. Na ji daɗi a ranar. Wannan ma gara in faɗa.

Kafin la'asar amai ya fara. Mu ukun duka. Ni da Yaya muka yi muka huta. Asabe ba ta huta ba. Yawu yana zuba, jikinta yana karkarwa, idonta ya ƙanƙance. Na goya ta na tafi asibiti.

Nas ɗin ta tambaye ni, "Me ta ci?"

"Fate."

"Na me?"

"Tsaki."

"Shi ke nan? Ba ta sha wani abu ba?"

Na tuna Yohanna da aljihunsa. Na tuna 'yan sanda. Na ce shi ke nan. Suka ce amai da gudawa ne, yana yawo a gari. Suka yi abin da ake yi wa mai amai da gudawa. Da hantsi washegari ta cika.

Kwana tara bayan mun binne ta ruwa ya sauko. Bai sake tsayawa ba har kaka. Da safen Yohanna, wanda ya dawo gida tun rasuwar, ya ɗauki fartanya, ya ɗaga kai ya kalli azara. Igiya kawai ya gani. Ya dube ni. Ya fita ya roƙo irin wake da igiyar dankali a wurin mutane, muka shuka, muka rayu. Har ya mutu bai tambaye ni inda ƙwaryar ta tafi ba.

Turmin na wanke shi da toka, na goge da yashi, na zuba masa tafasasshen ruwa. Jan ya maƙale a tsagar gindinsa, ya ƙi fita. Na kife shi. Na koma daka a gidan maƙwabta har aka kawo injin niƙa unguwar. Da na so da na ƙone shi tuni. Ban ga dalilin da zai sa in huta ba.

Ni da Yaya ba mu taɓa maganar ba. Uwa ba ta zama hira da 'yar fari, aike ne tsakaninmu da gaisuwa. Na ɗauka yarinya ce, ta manta, ko ta yarda da amai da gudawa kamar kowa.

Ranar da mota za ta zo, da safe, Bulus ya kawo igiya zai ɗaure turmin da taɓaryarsa. Na ce ya ajiye ya zauna. Yaya tana bakin ƙofa tana naɗe labule. Na faɗa musu. Ban ja ba. Mai lalle, Kande, fate, abin da na ce wa nas. Bulus bai taɓa ganin Asabe ba, ko hotonta babu. Ya zauna da igiya a hannu. Can ya tashi ya birkice turmin ya leƙa.

"Ba komai a ciki, Mama. Yanar gizo ce kawai."

"Ko ba komai."

"To," ya ce. "Zan saya musu sabo."

Na ɗauka an gama. Sai Yaya ta yi magana, ba ta ɗago daga labulen ba.

"Sau huɗu na wanke."

Bulus ya ce, "Me?"

"Ba da kai nake ba." Ta ajiye labulen. "Mama, sau huɗu na wanke. Ruwan ya yi ƙasa. Na ga in na yi bakwai ba na dahuwa, ba na sha. Na yi huɗu na shanya. Kika tambaye ni, na ce e."

Mace mai furfura, mai jikoki biyu. Tana tsaye ta haɗa hannuwa a baya kamar wadda za a daka.

"Kullum ina ƙirga ukun nan," ta ce. "Ko wanke shinkafa nake yi sai na ƙirga."

Zan faɗi abin da na ji, ko da ba shi da kyau. Na ji sauƙi. Kayan da na ɗauka shekara arba'in, ga wani ya ce nasa ne. Sauƙin bai kai tsawon numfashi biyu ba, amma na ji shi. Sannan na dube ta. Na tuna ba ta cin fate, ba ta cin tuwon masara, ko gasasshiya ba ta taɓawa. Ni kuwa ina ce mata mai tsirfa.

"Na sani," na ce.

Ta ɗago.

"Na ga bokitin. Wanda ya yi wanki bakwai ba zai bar ruwa haka ba. Na san ba ki yi ba. Na daka a haka."

"Kin sani?"

"Ni makauniya ce? Da ruwan da kika rage na dafa. Kuma ko sau ɗari kika wanke, maganin yana ciki. Ubanku ya faɗa mini, na sauko da ita. An tambaye ni a asibiti, na ɓoye. Ke aike aka yi ki. Ɗauki labulen nan, yana shan ƙasa."

Ba ta ɗauka ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da zane. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Ban je na taɓa ta ba. Ban iya ba, ba a koya mini ba. Na ce wa Bulus ya kawo mata ruwa.

Ban ga bokitin ba. Ranar idona yana kan masarar. Ta ce e, na yarda. Ko wanki ukun da sun ceci Asabe, ban sani ba, kuma ba wanda zai gaya mini yanzu.

Bulus ya aro gatari wurin mai itace. Ƙirya ba ta faɗuwa da sauƙi. Mai mota ya zo ya jira, ya gaji, ya karɓi gatarin shi ma ya yi nasa. Sai bayan azahar ya rabe. Bulus ya ce a ba mai ƙosai ta hura wuta, na ce a'a. Ya haƙa rami bayan gida ya binne gutsattsarin, hannunsa duk ya yi kanta.

Da yamma suka kawo ni nan. Akwati ɗaya, Littafi Mai Tsarki, bargo, kofi. Ɗakin yana da tsabta. Taga tana kallon bangon wani gareji, ana jin masu gyara suna zagin juna da Turancin kasuwa. Da za su tafi Bulus ya riga ya fita, Yaya ta tsaya a ƙofa.

"Mama, da gaske kin ga bokitin?"

"Sau nawa zan faɗa?"

Ta tafi. Ranar Lahadi ta bugo waya, ta tambayi gwiwata, ta tambayi abinci, sannan ta sake tambaya. Na ba ta amsar da na ba ta. Za ta sake, na sani.

Matar da ke ɗakin kusa da nawa ta girme ni da kaɗan. Hankalinta ya fara tafiya. Takan zauna a baranda ta yi ta zuba, wanda ta so kafin mijinta, abin da ta ɓoye wa 'yar'uwarta, duk wanda ya wuce sai ya ji. 'Ya'yanta sun zo ranar sabuwar shekara, ta faɗa musu abin da ya sa babban ya tashi ya fita. Ina zaune ina kallo.

Da can in na durƙusa ina da roƙo da yawa. Yanzu ɗaya ne. In nawa hankalin zai tafi, ya tafi da gaskiyar, ya bar mini ƙaryar.